Mai Keke Tsakanin Tirela da Mai Ƙafa

 

Sharhinmu na yau a kan titi yake, kuma a kan wani mutum da ba a cika kawo zancensa ba in ana maganar titunan Kano, wato mai keke. In an ce cunkoso, ɗan adaidaita sahu ake nufi. In an ce haɗari, tirela da tankar mai ake tunawa. In an zo maganar aikin gwamnati, gadar sama ce da gadar ƙasa. Amma bawan Allah da yake fitowa bayan sallar asuba, ya ɗaure kwanon abincinsa a kariya, ya taka feda daga Na'ibawa ko Sheka ko Dakata zuwa bakin aikinsa a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ba mai tunawa da shi. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya tare hanya, ba shi da ƙungiyar da za ta yi yajin aiki gari ya ji a jikinsa. Sai ranar da aka kwashe shi a gefen kwalta ake sanin yana nan.

Na zaɓi Na'ibawa ne don a nan abin ya fi fitowa fili. Ita ce ƙofar Kano ta kudu. Motar da ta taso daga Legas, ko Abuja, ko Kaduna da Zariya, ta nan take shigowa. A nan kuma hanya take rabuwa: wata ta miƙe cikin gari ta Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, baifas ta gabas ta yi Mariri da Hotoro har ta je ta tarar da titin Haɗeja, ta yamma kuma ta nufi ɓangaren Panshekara da Challawa. Ga tashar mota, ga kasuwar 'Yan Lemo inda manyan motoci suke sauke lemon Binuwai da ayaba da abarba, ga 'Yan Katako. Ƙara da tankokin mai, da motocin fata da sinadarai masu zuwa masana'antun jima, da kwantenonin tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023. Titin yana da faɗi, ba laifi, sai dai tsakiyarsa ta masu inji ce. Abin da ya rage wa sauran bayin Allah shi ne ɗan siririn gefen nan, tsakanin bakin kwalta da lambatu, wanda rabinsa ma yashi ne. A wannan ɗan sarari mai keke yake tafiya, da mai baro, da ɗan ga-ruwa da kurarsa, da ɗan dako, da yarinya mai talla, da ɗaliban makarantar Sa'adatu Rimi, da makaho da ɗan jagoransa. A nan ɗan adaidaita yake saukewa yana ɗauka. A nan mai tirela yake fakin ya tafi cin abinci. A nan mai rake da mai shayi suke kafa tebur. Kowa a wuri ɗaya, ba abin da ya ce ga na wane, ga na wane.

Keke kuwa ba baƙo ba ne a garin nan. Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da ake yankar wa keke lasin, ɗan doka kuma ya tare ka in ka hau da dare ba fitila. A lokacin malamin makaranta da akawu su ne masu keke, ana yi masa ado, ana goge shi kowace safiya. Har a nan Bompai kamfanin Raleigh ya yi masana'antar haɗa kekuna. Daga baya babur ya yawaita, acaɓa ta cika gari, keke ya koma abin hawan wanda ba shi da halin wani. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da adaidaita sahu a 2005. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, adaidaita ta gaje titi. Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a doka naira 70,000 ne, in ma ana ba shi hakan, in ya ce kullum sai ya hau adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, to kuɗin mota yake yi wa aiki. Sai aka jawo tsofaffin kekuna daga zaure da bayan ɗaki aka kai wa mai faci. Kekuna sun ƙaru a titi, mutuncin mai keke bai ƙaru ba, kuma wannan ne abin da yake damuna.

Zaman da muke yi a titi zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. Mai tirela yana ganin in ya danna oda kowa ya san inda dare ya yi masa. Mai mota ya matse ɗan adaidaita, ɗan adaidaita ya matse mai babur, dukkansu kuma su taru a kan mai keke. "Kai, mai keke, matsa mana!" "Titin gidanku ne?" Ba a cewa Malam, ba a cewa Baba, ko da furfura ta cika masa gemu. Ni a ganina rainin nan kansa yana kashe mutane, domin wanda ka raina ba ka rage masa gudu, ba ka ba shi tazara, wani lokaci ma idonka yana kansa amma zuciyarka ba ta ƙirga shi cikin abin da ke gabanka ba. Abin takaicin kuma, shi ma mai keken in ya sauka daga kwalta ya shiga lungu, sai ya tarar da waɗanda ya fi ƙarfi. Abin da aka yi masa a titin Zariya, shi zai yi wa tsohuwa a lungun Sheka.

Alhali ba haka aka yi mana tarbiyya ba. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san cewa a ladabin sallama, wanda yake kan abin hawa shi ake so ya fara yi wa na ƙasa, mai tafiya kuma ya fara yi wa na zaune. Wanda ya hau yana da fifiko da kwarjini, sai aka ɗora masa ya fara sauke kai, ya nuna wa na ƙasa cewa ba cuta a tare da shi. Wanda kuma ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan Kano har gobe, ya san hukuncin da ke cikinta game da dabba: in ta taka wani abu tana tafe, lamunin yana wuyan wanda ke kanta, ko mai janta, ko mai kora ta. An rubuta littafin a Ƙairawan sama da shekara dubu da ta wuce, ana maganar doki da raƙumi da jaki, amma ma'aunin yana nan daram. Wanda linzami yake hannunsa shi ke da alhaki, kuma gwargwadon nauyin abin da kake kai, gwargwadon abin da za a tambaye ka.

Turawa ma nan suka ɓullo daga baya. A Janairun 2022 Birtaniya ta gyara ƙa'idojin titinta, ta rubuta ƙarara cewa wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa: mai babbar mota a kan mai ƙarama, mai mota a kan mai keke, mai keke a kan mai ƙafa. Suka ce in za ka wuce mai keke ka bar masa aƙalla mita ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. In an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rai, mu da muka fi kowa ƙarancin motoci.

Bari in fara da kai, ɗan'uwana direban babbar mota, tunda kai ne a sama. Na san aikinka da wuya, ka kwana a hanya, ga shingaye, ga mai kaya yana ta kira a waya. Amma akwai abin da ka sani wanda mai keke bai sani ba. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama. Ke nan damanka nan ne inda ba ka gani, daga ƙasan ƙofar yaron mota har tsawon bodi, kuma nan ne daidai inda mai keke yake bi. Madubin dama in ya fashe ko ya karkace, ba abin da za a ce sai an dawo daga tafiya a gyara ba ne. Sa'annan ka san in za ka sha kwana dama sai ka fara buɗewa hagu, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi. Mai keke yana ganin ka buɗe sai ya ɗauka hanya ka ba shi, ya kutsa. Kan mota ya wuce shi lafiya, tayoyin baya su same shi. A mashigar masana'antu, inda titi yake da ƙunci kwana kuma take da kaifi, nan ne aka fi jin tsoron wannan. Ba da sigina tun daga nesa, sauko da gudunka ƙasa sosai, ka sa yaron motarka ya leƙa ta taga ya duba maka. Yana cikin aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Ga kuma iska. Tirela mai gudu in ta gitta kusa da keke, iskar gabanta tana tura shi waje, ta bayanta ta zuƙo shi ciki, mutum yana kan siraran taya biyu, a kan yashi, ƙila da buhu a baya. Taku ɗaya da ka ƙara masa na tazara na iya zama sanadin komawarsa ga iyalinsa. Gudu ma ba a yi masa lissafin ido. In ka ninka gudunka, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65 a awa. Tun da aka sabunta hanyar Zariya, da gudun daji motoci suke isowa bakin gari, direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ya hango gadar Na'ibawa, alhali ya daɗe da shigowa cikin mutane. In kuma ka ajiye tirelarka a kan ɗan gefen nan, ka sani ka kori duk mai keke da mai baro da ɗan makaranta ka tura su tsakiyar titi. Da dare ma ya fi muni, in babu danja babu alama sai ganyen da aka zuba a baya, wanda ba mai ganinsa a duhu.

Ɗan adaidaita, kai naka gajere ne. Idonka yana kan fasinja, abincinka ke nan, ga balas yana jiranka da yamma. Amma hannun da aka ɗaga maka a bakin titi ba guduwa zai yi ba. Yankowar nan da kake yi dama ba sigina, ka tsaya cak a gaban mai keke, kullum sai ta kayar da wani. Dubi madubinka, bar shi ya wuce, sa'annan ka ratse. Kai ma Alhaji mai mota, in ka yi fakin, waiwaya kafin ka buɗe ƙofa.

To Malam mai keke, zo mu yi magana, domin kare ka da nake yi ba zai hana ni gaya maka gaskiya ba. Babban abin da nake roƙonka ka bari shi ne bin hannun da ba naka ba. Na san dalilinka. Titin a rabe yake da shinge a tsakiya, wurin juyawa da nisa, kai kuma da ƙarfin cinya kake tafiya, ga maigadi zai rufe ƙofa a rubuta ka makara. Wasu kuma cewa suke gara su riƙa ganin motar da ke zuwa. Wannan ƙa'idar ta mai tafiya a ƙasa ce. Shi ake ce wa ya fuskanci motoci in babu wurin tafiyar ƙafa, domin da taku ɗaya yana iya yin gefe. Keke ba ya tsalle gefe. In kuna tafiya hannu ɗaya da mota, direban da ke bayanka a hankali yake cim maka, ya sami lokacin ganinka. In kuka fuskanci juna, gudunka da nasa haɗuwa suke yi. Sa'annan direban da zai fito daga layi ko daga ƙofar kamfani ya hau titi, hagunsa yake kallo, don ta nan motoci suke tahowa. Kai kuma ka ɓullo ta damansa, inda bai tsammaci kowa ba. In wurin juyawa ya yi nisa, sauka ka tura keken ka tsallaka da ƙafa.

Sai fitila. Masu aikin dare a kamfanonin roba da na jima da na lemon kwalba, shiga da tashinsu ko gari bai waye ba ne, ko bayan isha. Titunan cikin Sharaɗa da Challawa ba ko'ina ke da haske ba, in hunturu ya zo hazo ya ƙara nasa. Kai kana hango fitilar mota tun daga nesa, sai ka ɗauka shi ma yana ganinka. Wallahi ba ya ganinka. Mutum a kan baƙin keke da riga mai duhu, ga fitilun masu tahowa suna dallare wa direba ido, sai ya zo dab da kai zai ga wani abu yana motsi. A da sai da dainamo; yanzu 'yar tocila mai caji ta wadatar a gaba, a baya kuma jan abu mai ƙyalli, ko da guntun sitika ne irin wanda ake liƙa wa manyan motoci. Farar riga ma taimako ce. Birki kuma ba a yin sa da silifa, robarsa ba ta da tsada, kai wa mai gyara. Tattare ƙafar wando da bakin riga kada sarƙa ta ci. Kada ka kama jikin tifa ko tirela ta ja ka. In ka ɗauko katako daga 'Yan Katako, ko rodi, ɗaure shi a miƙe da tsawon keken, ka rataya jan ƙyalle a ƙarshensa, kada ka gicciya shi. Kada kuma ka toshe kunnuwanka da waya kana tafe, ko da wannan shirin kake saurare, domin kunne shi ke gaya maka abin da ke bayanka. Hular kwano, na san za a ce ana neman na tuwo, amma wanda ya sami hali ya saya, don raunin kai ba a cika dawowa daidai daga gare shi ba.

Inda na fi so mu daɗe shi ne tsakaninka da mai ƙafa, domin a nan kai ne babba. Keke ba shi da ƙara. Tsohon da ke tafiya a gabanka yana jin mota, yana jin babur, kai ba ya jin zuwanka. In ka bari sai ka zo dab da ƙeyarsa sa'annan ka kaɗa ƙararrawa, ko ka daka masa tsawa "Hanya! Hanya!", firgita zai yi, wanda ya firgita kuwa bai san ina zai nufa ba, sau da yawa gabanka zai faɗo. Ƙararrawa daga nesa ake kaɗa ta, sau ɗaya ko biyu, a rage gudu, a ba mutum lokacin da zai waiwayo ya zaɓi gefensa. In babu ƙararrawa, bakinka yana nan. "Salamu alaikum, Baba, zan wuce ta hagunka." "Gafara dai, Inna." "Sannu da aiki, mai ruwa, ɗan ba ni gefe." Ka ga ka yi sallamar da aka ce mahayi ya fara, ka kuma gaya masa ta inda za ka bi. In ya matsa maka, ce masa ka gode.

Akwai kuma waɗanda ƙararrawa ba ta isar musu, sai tsayawa. Makaho da ɗan jagora sanda ce a tsakaninsu, kada ka ratsa. Kurma ba zai ji ka ba ko da ka fasa ƙararrawar, saboda haka in ka kaɗa mutum bai waiwayo ba, kada ka ce taurin kai ne. Mace mai goyo da kaya a ka ba ta iya juyowa da sauri. Ɗan ga-ruwa da ya turo kura da jarka goma ko fiye, in ya hau gangara ba shi da birki sai ƙirjinsa da dugadugansa. In ka yanke masa gaba ba zai iya tsayawa ba. Yara kuwa, 'yan firamare da 'yan Islamiyya da almajirai, ba a yi musu tsammanin hankalin manya. Yaro yana iya tsayawa cak yana kallonka, sai ka zo daidai shi ya ruga ya tsallaka don ya hango ɗan'uwansa a ɗaya gefen. In ka ga yara a bakin hanya, ɗora yatsunka a birki tun kafin su motsa. In ka iso inda sahun sallah ya fito har titi ranar Juma'a, ko layin da aka shimfiɗa tabarmi ana zaman makoki, ko cikin 'Yan Lemo lokacin da ake sauke kaya, sauka ka tura. Iyayenmu haka suke yi. A da mutum ba ya wuce majalisar dattawa a kan keke sai ya sauko, ko aƙalla ya ajiye ƙafa ɗaya a ƙasa ya gaisa, kuma ban ga dalilin da zai sa wannan ɗabi'a ta mutu ba.

Ku ya ku ma, masu keke, in an tashi daga aiki kada ku jeru uku kuna hira. Ku bi bayan juna, mai wucewa ya wuce ta hagu, mai juyawa ya miƙa hannu, na gaba ya nuna wa na baya rami. Mai ƙafa shi ma ya ɗaga kai daga waya, kada ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu da suka tsaya ba tare da ya leƙa ba. Mai shagon da ya baje kayansa har bakin kwalta kuwa, ya sani hanyar jama'a ya ci.

In abin ya faru, saurin cewa muke yi ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere. Da ƙaddara tana goge alhaki, da ba a shar'anta wannan ba. Abin da yake ci mini rai shi ne, in wanda aka buge lebura ne mai keke, sai a taru a kan iyalinsa da ba da haƙuri, a kawo buhun shinkafa, a ce a yafe. Yafiya alheri ce in daga zuciya ta fito. Sai dai marayu suna da haƙƙi, kuma ba kowa ke da ikon yafe haƙƙin maraya ba. Direban da ya san ran mai keke yana da nauyi a gaban alƙali da gaban Allah, daban yake taka totur. Kai kuma da ka iske an buge mutum, mayar da wayarka aljihu, bar ɗaukar hoto, in za ka taɓa ta to don ka kira 122 ne, lambar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa. Kada a fizge shi a naɗe a jefa a adaidaita. A tallafi wuyansa da bayansa, a ɗauke shi a miƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Duk wannan ladabi ne, ladabi kaɗai kuwa ba zai raba ƙashin mutum da ƙarfen tirela ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja, har wata bas ta ture shi ya faɗa rami. An yi ta dariya, amma abin ba na dariya ba ne. In minista bai tsira ba, ina ga lebura? Kira a hau keke ba a ware masa hanya ba, tura mutane ne cikin haɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, ana fitowa a yi zagaye a ɗauki hotuna, washegari titi ya koma yadda yake. Kano ta gina gadoji a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro da Sabon Gari, an kashe kuɗi masu yawa don mota ta wuce ba tsayawa. Ga mai keke kuwa, saman gada hawa ne mai tsinka cinya, ƙasanta kuma mahaɗa ce da ake shigo masa ta ko'ina. Alhali Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse da 'yan tuddai kaɗan, garin keke ne tun asali. Ba sai mun je Holan ba: a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, manyan tituna da dama suna da hanyar keke da babur a gefe, a ware, kuma ba su fi mu kuɗi ba. Abin da nake nema mita biyu ne a gefen titin Zariya, da na Panshekara, da na Haɗeja, a raba su da kwalta da dakalin siminti, domin fenti kaɗai fakin za a yi a kansa. Hukumar kula da zirga-zirgar titi ta KAROTA, da aka kafa tun 2012, ta tsare wannan gefen kada a ajiye tirela a kai, gwamnati kuma ta sama wa manyan motoci filin kwana a wajen gari, don direba ma sai an ba shi wurin tsayawa za a iya hana shi bakin titi. A bakin kasuwa da makaranta da ƙofar masana'anta, a sauko da gudu zuwa kilomita 30 a awa, kamar yadda taron ministocin duniya na Stockholm ya nema a 2020 a duk inda motoci suke cakuɗuwa da mutane.

Masu masana'antu kuwa ba sai sun jira gwamnati ba. Ƙungiyarsu ta MAN tana da reshe na Sharaɗa da Challawa, tana da na Bompai, in suka zauna sau ɗaya sun gama. Mutumin da ke jujjuya musu inji, tafiyarsa daga gida zuwa ƙofar kamfani tana cikin aikin. A ba kowane ma'aikaci mai keke rigar ƙyalli, kamar yadda ake ba da safar hannu da takalmin aiki. A sa fitila mai haske a bakin ƙofa. A yi rumfar ajiye kekuna a ciki. A raba ƙofar ma'aikata da ta manyan motoci, in kuma ƙofar ɗaya ce, a dakatar da shiga da fitar motocin kaya a mintunan da wasu ke tashi wasu ke karɓa. Sai kuma maganar makara. Kamfanin da yake yanke wa mutum kuɗin rabin yini saboda minti biyar, shi yake sa shi bin hannun da ba nasa ba da gudu a cikin hazo. Alhaji mai kamfani, a ɗaga masa ƙafa da minti goma, musamman a watannin hunturu da ranakun ruwan sama.